Lamba Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:20 na yamma

Yau na gama duba bidiyo na ƙarshe, na ɗari da ashirin. Idona har yaji yake yi. Shekara biyu ke nan muna kan binciken nan ni da Dogo, abokin aikina tun muna ɗalibai, kuma wallahi in na sake ganin mutumin tsinke yana tafiya a kwamfuta sai na kurma ihu.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko don in tuna abin da ya cinye min sauran ƙuruciyata. Mukan sa mutum ya yi tafiya a barandar asibiti, taku ashirin, ya juya ya dawo, sannan ya zauna ya yi ta buga babban yatsa da manuniya da sauri. Kyamara ta ɗauka. Kwamfuta ta cire fuska da tufafi, ta bar mana layuka da ɗigo-ɗigo a gaɓoɓi, da lamba a sama. Tamanin masu ciwon karkarwa ne, arba'in lafiyayyu, yawancinsu ma'aikatanmu da muka roƙa. Ni da Dogo kowa ya duba shi kaɗai ya ba da maki, ba mu san wane ne wane ba. Sunayen suna kulle a hannun malama mai lissafin binciken.

Ita ce ta tare ni a bakin matakala. Wai an samu matsala ɗaya: lamba 41 yana cikin lafiyayyu, amma ni da Dogo duk mun sa shi cikin masu ciwo. Na ce mata fayil ne ya cakuɗe, ai ba yau aka fara ba. Ta ce ita dai ba ta cakuɗa komai ba. Matar nan ba ta san wasa ba. Tunda ni ce shugabar binciken, ni kaɗai ke da izinin buɗe ainihin bidiyon. Sai gobe, yau kam na gaji.

Baban yara yana ɗakin tiyata tun safe. Haka muke tun da muka zo asibitin nan: ni in tantance mara lafiya, shi ya buɗe kai ya yi aiki. Na ɗumama masa abinci sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe 11:05 na safe

Na buɗe.

Talata, ƙarfe 1:40 na rana

Takalmin nan ruwan ƙasa ni na saya masa. Hular tiyata tana leƙowa daga aljihunsa kamar kullum. Da ya kai ƙarshen baranda ya ɗaga wa kyamara hannu yana dariya. Na ma manta ya shiga binciken. Bara ne, ranar da lafiyayyu suka yi mana ƙaranci, nas ta tare shi a hanya, ya dawo gida yana ce min an mai da shi ɓeran gwaji.

Na ɗauko takardar makin da na ba shi. Rubutuna ne: hannun hagu ba ya lilo, juyi taku huɗu, yatsun hagu suna sanyi bayan bugu na takwas. A ƙasa na rubuta "babu shakka", har na ja layi.

Shekara ashirin da shida muna kwana ɗaki ɗaya.

Talata, bayan magariba

Ya dawo da fara'arsa. Tun daga ƙofa yake kira, "Mai Ido, kina ina?" Shi ya laƙaba min sunan nan, yanzu har masu shara da shi suke kirana, wai ni daga takun mutum a baranda nake gane ciwonsa kafin ya zauna. Yau ko jin sunan ba na so.

Ya ce an tsayar da ranar tiyatar wani tela majinyacinmu, Laraba 26 ga wata. Yana ta murna kamar shi za a yi wa. Na zuba masa shayi, na zauna ina kallon yadda yake ɓalle agogonsa. Ya ce, "Lafiya kike kallona haka? Ko na ƙara kyau ne?" Na ce kaina ke ciwo.

Ban faɗa masa ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Mutum goma sha tara na gani yau. Kowane namiji ya shigo da matarsa, sai in juya gare ta in yi mata tambayoyin da na saba. Yana jin ƙamshin abinci? Yana faɗa cikin barci? Rubutunsa ya ƙanƙance? Muryarsa ta yi ƙasa? Yau ina tambaya ina ba kaina amsa.

Shekaranjiya waccan shinkafa ta ƙone ƙurmus yana zaune a kicin yana karatu, na ce masa malalacin hanci. Wata uku da suka wuce ya shure ni cikin barci har ƙaurina ya yi tabo, yana ihu wai ɓarayi. Da safe na kira Yaya na ba ta labari, muka yi ta dariya. Kafaɗarsa ta hagu da ta riƙe bara, ni na ce tsufa ne, ni na shafa masa man zafi. Takardun maganin da yake rubutawa kuwa, mai ba da magani ya taɓa ce min sai da tabarau yake karanta su, na ce ai rubutun likita ne.

Da wata mata ce ta zauna gabana ta jero min waɗannan, da kafin ta rufe baki na gama rubutu.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Ban faɗa masa ba.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Dogo ya leƙo ofishina, sai da ya sunkuya kamar kullum don kada ƙofa ta buge shi. "Yaya batun 41? An ce mun yi abin kunya ni da ke." Na ce fayil ne ya cakuɗe. Ya dube ni, ya ce to, ya fita. Shekara talatin ban taɓa yi wa Dogo ƙarya ba, sai ga shi ta fito min sumul.

Malama mai lissafi ta ce akwai gurbin da ake rubuta "fayil ya lalace", in na sa hannu sai ta cire lambar, shi ke nan magana ta mutu. Ta ajiye min takardar a tebur. Amma a takardar amincewar da kowa ya sa wa hannu kafin ya shiga binciken akwai layin da ya ce in mun ga wani abu a jikin mutum za mu sanar da shi cikin wata guda. Ni na rubuta layin. Har faɗa na yi da kwamiti a kansa, ina ta cika baki kan haƙƙin mutane.

Na sa takardar a durowa. Na gaji.

Lahadi, 9 ga wata, da la'asar

Yaya ta kira. Ta ce muryata ba daidai ba, ko mun yi faɗa da mijin nawa ne. Na ce aiki ne. "Ku dai da aikinku! Miji likita, mata likita, gida babu mai lafiya." Ta yi dariya, ni ma na yi. Sai ta ce, "Ɗan damben naki ya daina shurin?" Na ce mata tukunya na kan wuta, na kashe wayar.

Yaran ma sun kira daga makaranta. Shi ya yi ta hira da su, auta tana ta ce masa, "Baba, ɗaga murya, ba na jin ka." Ya ce layi ne ba kyau.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 3:50 na yamma

Tela ya zo da matarsa don gwajin ƙarshe. Shekararsa hamsin da biyu, tara daga ciki da ciwon nan. Magani ya daina riƙe shi. Ya ce rabonsa da zura zare a allura shekara huɗu, yanzu zama yake a shago yana kallon wasu suna ɓata masa yadi. Ya zauna kan hannunsa na dama don kada in ga yadda yake kaɗawa, kamar ba don shi ya zo ba.

Na sake yi musu bayani. Za a ɗaure kansa a ƙarfe, a huda ƙaramin rami, a zura siririyar waya zuwa wani wuri can cikin ƙwaƙwalwa da bai fi ƙwayar wake ba. Idonsa biyu za a yi, don mu riƙa gwada hannunsa. In wayar ta zauna daidai, karkarwa ta tsaya. In ta kauce kaɗan, magana na iya lauyewa. In ta taɓa jijiyar jini, to, wannan ban ƙarasa musu ba yau, sun riga sun ji.

Matar ta ce, "Likita, mu dai hankalinmu kwance yake. An ce hannun Farfesa ba ya kuskure." Na ce Allah ya ba da sa'a.

A sashenmu ba a shiga da mutum wannan aikin sai likita biyu sun sa hannu ana gobe: wanda zai yi tiyata, da wanda ya tantance. Na biyun ni ce.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:40 na safe

Hagu ne, shi kuwa da dama yake aiki. Ƙarfen da ake ɗaurawa shi ke saita hanya, ba hannu ba. Bidiyon ma na bara ne, kuma tun daga lokacin ya yi aiki fiye da talatin, ba wanda ya samu matsala.

Bidiyon na bara ne. Wato yau ya fi haka.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 1:10 na rana

Na shiga ɗakin tiyata ba tare da an kira ni ba. Ƙaramin aiki ne, canjin batirin wayar ƙwaƙwalwa a ƙirjin wata tsohuwa, abin da yake yi yana hira. Na tsaya a bayan mai sa barci kamar na zo duba na'ura.

Dama lafiya lau. Hagu ce ke zuwa a makare, kamar wadda ake jira. Wajen ɗinki ƙulli ɗaya ya kwance, ya sake. Wannan ba komai ba ne, kowa na sake ƙulli. Amma na ɗaga kai sai muka haɗa ido da mataimakiyarsa, wadda muke kira Shiru-shiru. Shekara goma sha ɗaya tana tsaye gefensa, shi ya koya mata komai. Ta dube ni ta saman takunkumi, ta mai da idonta kan aiki.

Ba zan rubuta abin da na gani a idonta ba.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Allah na tuba, hanyar matsorata na bi.

Yana falo yana karanta jarida, na kawo kwamfuta na ajiye masa a cinya. Na ce, "Baban yara, duba min wannan, mun yi gardama da Dogo." Mutumin tsinke ya yi tafiyarsa, ya juya, ya dawo. Ko gyara tabarau bai yi ba.

"Wace gardama kuma? Hagu ne. Bai daɗe ba, shekara biyu ko uku. Dubi juyin. Haba Mai Ido, wannan ko ɗalibi ai ya gani."

Ya sake kunnawa, don shi mutum ne mai son ya tabbatar. A karo na biyu ne idonsa ya kai kan lambar da ke sama. Kowa da ya shiga binciken an ba shi 'yar takarda da lambarsa, tasa tana maƙale a allon ofishinsa har yau, yana nuna wa baƙi.

Ya kalla har ƙarshe. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya miƙo min, ya ce, "Akwai sauran shayi?" Na kawo. Bai sha ba.

Lahadi, 16 ga wata, da yamma

Ya wanke motarsa da kansa. Ya wanke tawa. Ƙala bai ce min ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 7:15 na safe

Kwana biyu ke nan yana fita kafin in gama shiri, kowa da motarsa. A taron safe na jiya ya yi bayanin marasa lafiya tsaf, har ya ba da dariya. Hannun hagu yana aljihu tun daga farko har ƙarshe.

Ni kuma na zama mai gadi. Ina ƙirga takunsa daga ɗaki zuwa banɗaki. Ina sauraron yadda cokali ke taɓa kofi. Na tsani kaina a kan haka, kuma na kasa bari.

Laraba, 19 ga wata, bayan magariba

An yi ta.

Ni na fara. Na ce saura mako ɗaya aikin tela. Ya ce ya san kwanan wata. Daga nan abin ya ɓalle, kuma yawancinsa ba zan rubuta ba, don ba na so wata rana yaran su gani. Na faɗi abin da bai kamata ba a kan girman kai. Shi ma ya faɗi nasa.

Biyu kawai zan ajiye. Ya miƙo min hannunsa na dama, ya ce, "Duba shi. Duba shi da kyau, ke da kika iya duba mutane. Akwai abin da ya same shi?" Babu. Ko motsi ba ya yi.

Na biyun da murya ƙasa-ƙasa ya faɗa. "Shekara uku mutumin nan yana jirana. Na yi masa alkawari da bakina. Ki bar ni in yi wannan, daga shi sai in zauna in ji duk abin da za ki ce."

Na ce, "In wani likita ne fa? In kai ne za ka sa masa hannu?" Ya ɗauki filo ya tafi ɗakin karatu.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Gadon nan ya yi min faɗi. Ban yi barcin kirki ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 5:00 na yamma

Takardar aikin tela ta iso teburina. Ya riga ya sa hannu. Sa hannun nasa ya koma rabin yadda na san shi.

Na ɗauke ta na tafi wurin Dogo, na rufe ƙofa, na ce masa ƙarya na yi ranar nan, fayil bai cakuɗe ba. Bai bari na ƙarasa ba. Ya cire tabarau ya dafe goshi.

"Na sani. Tun bara nake gani."

Na ce, "Tun bara? Ka yi shiru?"

"To me zan ce? Ke ce matarsa, ke ce Mai Ido. Na ɗauka kin daɗe da sani, kuna bin abin a gida, kin sa masa iyaka. Shiru-shiru ta zo min da maganar wata shida da suka wuce, na ce mata ta kwantar da hankalinta, in da matsala ke za ki fara tsayar da shi. Babbar nas ma ta taɓa yi min zancen."

Innalillahi. Sashe guda na masana ciwon nan, kowa ya gani, kowa ya kama bakinsa don ya yarda da idona. Duk aikin da aka yi cikin shekarar nan, an yi shi ne bisa tunanin ina sa ido. Ni kuwa ina shafa man zafi.

Dogo ya ce in ina so shi zai yi masa magana. Na ce a'a. Ya ce in Farfesa ya kawo masa takardar shi ma ba zai sa hannu ba, amma yana roƙon Allah kada a kai ga haka, don ba zai iya kallon idonsa ba. Ƙato da shi, sai ga hawaye. Ni ko ɗigo, na gaji da yawa.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Na je kai masa abinci ɗakin karatu, ƙofar a buɗe kaɗan. Yana zaune ya ɗaura zaren tiyata a hannun kujera yana ƙulli da hagu, yadda ɗalibai ke yi a shekarar farko. Agogo na gabansa. Zaren ya yi tsawo har ya kusa taɓa ƙasa, ƙulli a kan ƙulli. Ya yi, ya duba agogo, ya yanke, ya sake farawa.

Haka na fara ganinsa, muna ɗalibai, yana ƙulli a jikin bencin laburare, ina yi masa dariya. A lokacin ba a ganin yatsunsa don sauri.

Na koma da abincin kicin. Ina son mutumin nan, abin da ya sa komai ya yi wuya ke nan.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 12:45 na rana

Babbar nas ta aiko sau biyu a karɓi takardar. Na ce ina dubawa.

An kwantar da tela a ɗaki na shida. Matarsa ta tare ni a baranda tana ta godiya, har da riƙe min hannu.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Na kai masa takardar da kaina, na ajiye a teburinsa, gurbina babu komai. Na ce, "Ba zan sa ba." Bai ɗago ba. Na ce, "Ka yi fushi da ni iya son ranka." Ya ce, "Rufe min ƙofa in kin fita."

Talata, ƙarfe 4:50 na yamma

An ce ya shiga ɗaki na shida ƙarfe biyu, ya fitar da nas, ya rufe ƙofa. Minti arba'in yana ciki da tela da matarsa. Ban san me ya gaya musu ba, ba na jin zan taɓa sani.

Ƙarfe huɗu ya shigo ofishina ba sallama, ya ajiye sabuwar takarda. A gurbin mai tiyata sunan Shiru-shiru ne, da sa hannunta. A ƙasa tela ya dangwala yatsa. Na sa hannu. Ya ɗauka ya fita, kamar masinja.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 3:30 na yamma

An gama. Awa biyar.

Baban yara ya wanke hannu, ya sa riga da safar hannu kamar kullum, sannan ya tsaya a bayan Shiru-shiru ya harɗe hannuwansa a ƙirji. A nan suka zauna har aka tashi. Da farko hannunta ne ma ke rawa. Ya ce mata, "Ba sauri muke ba. Kin yi wannan sau nawa ina kallo? Ci gaba." Da wayar ta fara sauka, lasifika ta kawo ƙarar ƙwaƙwalwa, shaaa, kamar ruwan sama a kan kwano. Shi ya fara jin sautin ya canza. "Tsaya. Koma baya kaɗan. Nan ne." Kunnensa dai babu abin da ya same shi.

Ina riƙe da hannun tela yana ta fizga. Na ce a kunna. Aka ƙara kaɗan, aka ƙara kaɗan, sai hannun ya lafa a cikin nawa, ya kwanta. Na ga wannan fiye da sau ɗari, har yau tsigar jikina na tashi. Tela ya ɗaga hannun yana juya shi a gaban idonsa. Daga ƙarƙashin zanen ya ce, "Farfesa, kana nan?"

"Ina nan."

"To kai ma Allah ya kawo maka naka sauƙin."

Kowa ya duƙufa kan abin da ke gabansa. Baban yara ya ce amin, ya ce wa Shiru-shiru ta rufe, ya fita kafin a gama ɗinki. Bai taɓa yin haka ba.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Tela ya sha shayi da hannunsa, bai zubar ba. Na mayar wa malama mai lissafi takardarta ba sa hannu, na ce fayil lafiyarsa ƙalau, ta rubuta abin da ya faru. Ta ce dama ta sani ba ta cakuɗa komai ba.

Baban yara bai zo aiki ba.

Asabar, 29 ga wata, da la'asar

Har yanzu ɗakin karatu. Yana cin abin da na ajiye, yana wanke kwanon da kansa. Gaisuwa kawai. Na yi abin da ya kamata, kowa zai ce haka, kuma ji nake kamar na yanke masa hannu da wuƙar kicin. Ban sani ba ko zai yafe min. Ban ma san wanne zai yafe ba, ganin da na yi ko daɗewar da na yi ban gani ba.

Na gaji, wallahi na gaji.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 2:30 na rana

Wajen ƙarfe goma na fito neman wani fayil. A bencin masu jiran Dogo, tsakanin wata tsohuwa da wani mai sanda, sai ga baban yara zaune. Babu farar riga. Ya je ya yanki kati kamar kowa, yana riƙe da shi, jarida a kan cinyarsa ta rufe hannun hagu. Nas-nas suna wucewa suna kallon ƙasa.

Mai sandar tsohon majinyacinsa ne, shi ne ya sa masa wayar ƙwaƙwalwa shekara shida da suka wuce. Na ji yana cewa, "Farfesa, wai kai ma layi?" Ya ce, "Ni ma." Tsohon ya gyara zama. "To matso nan, can gefen in karkarwarmu mu uku ta haɗu bencin har tafiya yake." Ya yi dariya, dariyar gaske, rabon da in ji ta tun ranar kwamfuta.

Na koma ofis na ce wa nas ta ba mutanena haƙuri. Na cire farar rigata na rataye. Tsohuwar ta matsa min, na zauna kusa da shi. Shekara ashirin ina wuce bencin nan, ban san haka yake da tauri ba.

Bai dube ni ba. Ya ce, "Kin bar marasa lafiyarki."

Na ce, "Suna jira."

Mutum biyu suka shiga suka fito. Can sai ya ɗaga jaridar, ya zaro hannun, ya ɗora a kan nawa. Yana kaɗawa a hankali, ba ya tsayawa. Ban taɓa jin sa ba sai yau.

"Riƙe min shi," ya ce. "Wata goma sha huɗu ina riƙe da shi ni kaɗai, na gaji."

Na riƙe. Nas ta leƙo, ta buɗe baki za ta ce Farfesa, ta fasa, ta ce, "Mai bi." Muka tashi muka shiga.